Sarƙewar injin mota mai turbo idan an taka totur: dalilai da hanyar gano su

Sarƙewar inji ita ce silinda ɗaya ko fiye ta kasa ƙona man da aka ba ta a lokacin da ya dace. A garajojin Nijar ana ce mata rate, kalmar da aka aro daga Faransanci, a Najeriya kuma ana cewa mota tana misin. Akwai wadda ke bayyana tun mota na tsaye, wannan ba ta da wuyar ganowa. Akwai kuma wadda ke ɓuya: injin na tashi lafiya, yana juyawa lami lafiya a ralanti, yana yawo cikin gari ba tare da wata alama ba, amma da zarar direba ya taka totur da ƙarfi sai mota ta fara fizga, tana tari, ƙarfinta ya zube. Irin wannan ta fi yawa a tsofaffin motoci masu turbo.

A yankin Azarori, Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, matsalar ba ta jin daɗin tuƙi ba ce kawai. Babbar hanya mai lamba ɗaya da ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙwanni, Galmi da Madawa zuwa Maraɗi cike take da manyan motoci, musamman a kakar albasa, kuma wuce su na bukatar inji ya ba da dukan ƙarfinsa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Hanyar da ta nufi Buza da Keita kuwa tana hawa da gangara tsakanin tuddan Adar da kwaruruka. Motar da ta sarƙe a tsakiyar wuce tirela, ko a kan hawa tana ɗauke da fasinja ko marar lafiya, ta jefa rayuka cikin haɗari. Idan kuma aka ci gaba da tuƙa ta a haka, gyaran da buji huɗu za su yi na iya komawa saukar da inji.

Yadda turbo ke aiki

Injin fetur na bukatar abubuwa huɗu kafin silinda ta yi aiki: isasshiyar iska, mai daidai gwargwado, matsi mai kyau, da tartsatsin wuta a kan lokaci. Idan ɗaya ya gaza, silinda ta sarƙe. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana kunna wuta sau 100 a kowace daƙiƙa, wato sau 25 a kowace silinda. Ɓatan kaɗan daga ciki ya isa direba ya ji a jikinsa.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar a 1905. Ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962, sannan a ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin Mercedes da Peugeot suka sa ta a motocinsu masu shan gazuwal. Sandar turbo na iya juyi fiye da 100,000 a minti, kuma a motocin yau da kullum ƙarin matsin da take bayarwa yakan kama daga rabin bar zuwa bar ɗaya ko ɗan fiye.

Mafi yawan motoci masu turbo da ake gani a yankin na hannu ne, sun yi shekaru a Turai ko wani wuri kafin su iso ta tashoshin ruwan Kwatano ko Lome. Cikin masu fetur akwai Volkswagen Passat da Golf da Audi A4 masu injin 1.8T. Cikin masu gazuwal akwai Toyota Hilux da Prado masu injin D-4D, da Peugeot masu injin HDi.

Dalilin da ya sa take ɓuya sai an taka

A ralanti, ƙofar totur kusan a rufe take, matsin iskar da ke shiga inji bai wuce kashi ɗaya cikin uku na iskar waje ba. Idan aka taka har ƙasa turbo ta kama, matsin na iya kai wa bar 1.8, wato ninki biyar zuwa shida na abin da yake a ralanti. Wannan bambanci shi ne tushen maganar.

Na farko, wuta. Iskar da aka matse sosai tana hana tartsatsi tsallaka gibin bakin buji. Gwargwadon ƙaruwar matsi da faɗin gibi, gwargwadon ƙarfin lantarkin da ake bukata. A ralanti bolt dubu goma na iya wadatarwa, amma a cikin matsin turbo bukatar kan haura dubu ashirin zuwa talatin. Bobin da ta gaji tana iya ba da na farko ta kasa ba da na biyu. Lantarki kuma yana bin hanya mafi sauƙi: idan tsallaka bakin buji ya yi wuya, sai ya zurare ta tsagar roba ko ta jikin farar tasar buji ya sauka a ƙarfen inji.

Na biyu, mai. Fetur na ƙonewa daidai idan an haɗa kilo 14.7 na iska da kilo ɗaya na mai, amma a cikin matsin turbo kwamfutar mota tana ƙara mai har ya kai kusan 12 da ɗaya domin sanyaya silinda. Famfon da ya tsufa ko matacin da ya toshe na iya ciyar da inji a cikin gari, amma ba zai iya ba a kan hawa.

Na uku, iska. Tiyon da ya tsage na iya zama a rufe idan babu matsi, ya buɗe baki sai lokacin da turbo ta hura shi. Shi ya sa motar da aka gwada a tsaye cikin garaji take fita kamar lafiyarta ƙalau, ta koma sarƙewa a hawa na farko.

Abubuwan da ke kama da ita

Kafin a kwance komai, ya kamata a tabbatar sarƙewa ce. Idan allurar juyin inji na hawa amma gudun mota ba ya ƙaruwa, ana kuma jin ƙauri, wannan kuloci ne ke zamewa. Idan mota na ja da ƙarfi sai kwatsam ta yanke gaba ɗaya kamar an toshe mata baki, sannan ta dawo da an ɗaga ƙafa, galibi matsin turbo ne ya wuce kima, kwamfuta ta datse mai don ta kare inji. Idan ƙarfi ya ragu ya zauna a haka har sai an kashe mota an sake tayarwa, kwamfuta ce ta shiga yanayin kare kai. Idan kuwa ana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani lokacin da aka taka, wannan ƙonewar mai ce ba a kan ƙa'ida ba, kuma ta fi sarƙewa saurin lalata fistin.

Sarƙewa ta ainihi tana zuwa da fizga a jere, girgizar da ake ji a sitiyari da kujera, wani lokaci da ƙarar fashewa a salansa da warin ɗanyen fetur. Fitilar inji da ke gaban direba na iya kamawa. Idan tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, ma'anarta ɗanyen mai na isa katalizo, wanda a Najeriya ake yi wa laƙabi da indomi, yana ƙonewa a can, kuma zafin na iya narkar da shi.

Abin da yanayin yankin ke ƙarawa

Ƙura ita ce ta farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na toshe matacin iska da wuri, haka ma hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka. Matacin da ya yage ko wanda bai zauna daidai ba yana barin yashi ya ci bakin fankar turbo, ya kuma ɓata ma'aunin iska da ake kira debimetir.

Zafi shi ne na biyu. A Afrilu da Mayu zafin rana na haura digiri 40, kuma a ƙarƙashin murfin inji kusa da turbo ya fi haka nesa. Bobin da ta fara tsagewa takan yi aiki da sassafe ta gaza da azahar. Iska mai zafi kuma tana sauƙaƙa ƙonewar mai ba bisa ƙa'ida ba.

Ruwa shi ne na uku. A damina, ketare koramu ko wanke inji da tiyo na tara ruwa a ramukan buji da mahaɗan wayoyi.

Na huɗu shi ne mai. Tun Nuwamban 2011 Nijar ke tace manta a matatar SORAZ da ke jihar Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, kamfanin SONIDEP kuma ke rarraba shi. Duk da haka garuruwan da ke kusa da iyakar Najeriya, irin su Bangi da Sabon Gida, sun daɗe da sabawa da man ruwa-ruwa da ake sayarwa a jarkoki da kwalabe. Cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya sauya wannan kasuwa, kuma ƙarancin da aka yi a Nijar a Maris na 2025 ya sa direbobi da yawa sayen duk abin da suka samu. Inda babu gidan mai, har yau jarka ce madogara. Man da ya daɗe a rana cikin jarka yana rasa ƙarfinsa, yana iya ɗaukar ruwa da yashi, wani lokaci kuma akan gauraya shi da kananzir. Injin turbo ya fi kowane inji ƙin irin wannan mai.

Matakin farko: tambaya da gwaji a hanya

Bincike na gaskiya yana farawa da tambayoyi. Yaushe abin ya fara? Bayan shan mai a wani wuri ne, ko bayan wanki, ko bayan wani gyara? Da sanyin safiya yake yi ko sai inji ya yi zafi? Tanki cike ko ya kusa ƙarewa? Matsalar da ta fara rana ɗaya bayan shan mai tana nuna mai. Wadda ta riƙa ƙaruwa a hankali cikin watanni tana nuna buji ko mataci.

Daga nan sai a fita da motar a hanyar da babu cunkoso. A sa babbar giya, ta huɗu ko ta biyar, inji na juyi kamar 2,000, a taka totur. Sarƙewar da ta zo daidai lokacin da turbo ta kama, tana fizga da kaifi, ta fi kama da ta wuta. Wadda ba ta zuwa sai juyi ya yi sama, ko sai an daɗe ana hawa, ƙarfi na zubewa a hankali, ta fi kama da ta ƙarancin mai. Gwaji biyu ko uku sun isa, maimaitawa da yawa ɓarna ce ga inji.

Mataki na biyu: na'urar karanta kwamfuta

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996, da na Turai masu fetur tun 2001 da masu gazuwal tun 2004, suna da mahaɗi mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar da masu Faransanci ke kira valise. Akwai ƙanana da ke aiki da wayar salula. Lambar P0300 na nufin sarƙewa a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma na nuna silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. P0171 na nufin mai ya yi kaɗan a cikin iska, P0172 ya yi yawa. P0299 matsin turbo bai kai ba, P0234 ya wuce kima, P0087 kuma matsin mai ya faɗi.

Babban abin da ake nema shi ne ko silinda ɗaya ce ko duka. Idan ɗaya ce, laifin na cikin abin da ita kaɗai ta mallaka: bujinta, bobinta, injektanta ko matsinta. Idan duka ne, sai a duba abin da suka yi tarayya a kai: mai, famfo, ma'aunin iska, tiyoyi. Lamba tana nuna inda za a duba ne, ba ta cewa a sayi sabon kaya. A rubuta lambobin kafin a goge su.

Mataki na uku: buji

A cire buji idan inji ya huce, a jera su bisa tsarin silinda. Bakin da ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙi busasshe kamar kunkunniya na nuna yawan mai ko raunin wuta. Baƙi mai maiƙo na nuna baƙin mai na shiga silinda. Fari fat mai ƙuraje na nuna zafi ya yi yawa, wannan kuma gargaɗi ne mai girma. Wanda ya fita tas kamar an wanke shi alhali sauran na da datti na iya nuna ruwan lagireto na shiga silindar. Siririn baƙin layi a jikin farar tasa alama ce ta inda wuta ke zurarewa, kuma a nan sai an sauya buji da robarsa tare.

Sannan a auna gibi da ma'auni, ba da ido ba. Yawancin injinan turbo na son milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali motoci da yawa marasa turbo na aiki da 1.0 zuwa 1.1. Bujin da zarensa ya shiga rami ba lalle ne ya dace da motar ba. Kowane inji na da lambar bujinsa da darajar jure zafinsa, kuma sa na mota marar turbo a mai turbo na daga cikin sanannun musabbaban wannan matsala. Akwai kuma jabun buji da ke ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su NGK, Denso da Bosch, waɗanda bakinsu ke cinyewa da wuri. Araha ba ta ado.

Mataki na huɗu: bobin da wayoyi

A motar da kowace silinda ke da bobinta, gwaji mafi sauƙi shi ne musanya. Idan na'ura ta nuna P0302, a ɗauke bobin silinda ta biyu a kai ta uku, ta ukun a dawo da ita ta biyu, a goge lamba a sake fita hanya. Idan lamba ta koma P0303, bobin ce. Idan ta tsaya a P0302, a yi irin wannan musanya da buji, sannan da injekta. Wannan gwaji ba ya cin ko dala. Injin 1.8T na farkon shekarun 2000 ya yi suna wajen mutuwar bobin, har kamfanin ya sauya wa masu motoci da yawa a 2003, don haka a irin waɗannan motoci nan ake fara zato.

A motar da ke da dogayen wayoyin buji, a tayar da inji cikin duhu a fesa musu ruwa kaɗan kamar raɓa. Inda roba ta tsage za a ga tartsatsi ko a ji inji ya canza murya. A duba ramukan buji ko baƙin mai ya taru daga yoyon murfin inji. A duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota da kuma cajin batir, wanda ya kamata ya kai kusan bolt 14 idan inji na aiki, domin bobin ba ta ba da abin da ba ta samu ba. Al'adar fizge wayar buji inji na juyawa don a ji wace silinda ce ba ta dace da waɗannan motoci ba: tana iya ƙona kwamfuta, tana kuma iya jan mutum.

Mataki na biyar: hanyar iska

A bi iska tun daga mataci, zuwa debimetir, turbo, ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska, har ƙofar totur. Duk mahaɗin da ya jiƙe da maiƙo ƙura ta manne masa, yoyo yake yi. A matsa kowane tiyo da hannu a duba ƙarƙashinsa, don tsaga ta fi son inda ido ba ya gani. Gwaji mafi tabbas shi ne a toshe hanyar inji a kashe, a hura mata iskar da ba ta wuce bar ɗaya ba, a shafa ruwan sabulu a ga inda kumfa ke tashi.

Wurin yoyon na da muhimmanci. Idan bayan turbo ne, iskar da aka riga aka auna tana tserewa, mai ya yi yawa, sai baƙin hayaƙi da baƙin buji. Idan tsakanin debimetir da turbo ne, iskar da ba a auna ba tana shiga, mai ya yi kaɗan. Debimetir da ya yi datti shi ma yana rage lissafin iska, kuma ba a goge shi da tsumma ko fetur, sai da maganin fesawa na musamman. A duba kuma siririn tiyon da ke zuwa bawul ɗin da ke rage wa turbo hayaƙi. Idan ya tsinke, bawul ba zai buɗe ba, matsi ya wuce kima.

Mataki na shida: mai

A zuba ɗan mai daga mataci ko tiyo cikin kwalba mai haske a ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa, yashi da tsatsa ma haka. A ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur tsantsa na bushewa ba tabo, mai gauraye da kananzir ko gazuwal na barin maiƙo. Idan man ne, sai a juye tanki a sauya mataci.

Sannan a auna matsin mai da agogon awo. A injinan da ke fesa mai a bayan bawul, matsin yakan kasance bar uku zuwa huɗu, kuma dole ya ƙaru daidai da ƙaruwar matsin turbo. Awo a tsaye ba ya wadatarwa, sai an ga abin da allura ke yi lokacin da aka taka a hanya. Idan ta faɗi, a fara da mataci, sannan ragar da ke bakin famfo cikin tanki, sannan wayoyin famfon, sannan famfon kansa. Yawo da tanki kusan fanko na gajiyar da famfo, domin man da yake ciki ne ke sanyaya shi.

Mataki na bakwai: cikin inji

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, sai awon matsin silinda. Ana yin sa inji da ɗumi, an cire buji duka, an datse mai da wuta, totur a buɗe. Bambanci tsakanin silinda bai kamata ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa: idan ta ɗaga, zoben fistin ne, idan ba ta ɗaga ba, bawul ne. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare na nuna gaskit ɗin kan inji ya ƙone a tsakaninsu, musamman idan ruwan lagireto na raguwa ko yana kumfa. Bel ɗin taimin da ya tsallake haƙori ɗaya da katalizon da ya toshe su ma suna kashe ƙarfi a babban juyi.

Idan motar mai gazuwal ce

Injin gazuwal ba ya da bujin wuta, zafin matsi ne ke kunna mai. Bujin ɗumama da ke jikinsa na taimakon tashi da sanyi ne kawai, sauya su ba ya maganin sarƙewa a kan hawa. A nan zato na farko mataci ne da ruwan da ya taru a gindinsa, sai iska da ke shiga tiyon mai ta wata tsaga. Ɗan guntun tiyo mai haske da aka sa kafin famfo zai nuna kumfa idan akwai.

A injinan HDi da D-4D matsin mai na haura bar 1,300. Injektan da ya cinye yana mayar da mai da yawa zuwa tanki, matsi ya faɗi daidai lokacin da ake bukatarsa. Ana gane shi ta hanyar tara man da kowane injekta ke mayarwa a ƙananan kwalabe a kwatanta. A D-4D bawul ɗin da ke daidaita shigar mai a jikin famfo sananne ne wajen kawo fizga. Bawul ɗin EGR da ya maƙale a buɗe yana kawo baƙin hayaƙi da kasala. Launin hayaƙi jagora ne: baƙi ƙarancin iska, fari man da bai ƙone ba ko ruwa, shuɗi baƙin mai. Ba a neman yoyon bututun babban matsi da hannu, domin man na iya huda fata. Turbon da ke zubar da baƙin mai cikin hanyar iska kuma na iya sa injin gazuwal ya riƙa gudu da kansa ko an cire makulli, saboda haka ba a jinkirta gyaransa.

Abin da direba zai yi a kan hanya

Idan mota ta fara sarƙewa, a ɗaga ƙafa, a sauko giya, a ci gaba da tafiya a hankali ba tare da turbo ta kama sosai ba. A daina wuce manyan motoci har sai an gyara. A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a rage kaya idan akwai hawa a gaba. Idan fitilar inji na ƙiftawa ko da an sassauta, ko allurar zafi na hawa, ko ana jin ƙarar tsakuwa, tsayawa ya fi. Kada a ajiye motar a kan busasshiyar ciyawa ko karan gero, domin katalizon da ya sha ɗanyen mai na iya yin ja ya tayar da gobara.

Kurakuran da ke cin kuɗi

Mafi tsada shi ne a ɗora wa turbo laifi tun farko. Turbon da ya lalace yana zuwa da kuka, shuɗin hayaƙi ko rashin ƙarfi a kowane lokaci, ba kasafai yake kawo fizga ba. Na biyu shi ne sauya kaya da yawa a lokaci guda, ta yadda ko an dace ba a san abin da ya gyaru ba. Na uku shi ne cire ƙwan fitilar inji ko goge lamba a sallami mai mota. Na huɗu shi ne fasa katalizo a zubar ba tare da an gano abin da ya narkar da shi ba. Mai motar da zai yi tafiya daga Azarori ko Keita zuwa Tawa, Ƙwanni ko Maraɗi neman kaya zai rage asara idan ya tafi da lambar da na'ura ta nuna, da lambar jikin motarsa, da tsohon kayan da aka cire.

Kiyayewa

Littafin mota an rubuta shi ne don hanyoyin da ba su da ƙurar Adar, don haka matacin iska da na mai na bukatar sauyi kafin wa'adin da aka rubuta. A duba gibin buji kafin shigar bazara. A tace man jarka da kyalle mai tsabta, kada a juye na gindin jarka cikin tanki. A yi amfani da baƙin man da ya dace da turbo, a kuma bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a ralanti bayan doguwar tafiya kafin a kashe shi, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone ya daskare. Motar da ta fara fizga sau ɗaya a hawan Buza ta riga ta ba da sanarwa, kuma a wannan mataki awon buji da musanyar bobin sukan isa a gano inda matsalar take.